Darasi Na Goma Sha Huɗu: Yadda Ake Auna Cin Zali a Intanet Tsakanin Ɗaliban Manyan Makarantu

Tun daga shekarar 1974, sa'ad da aka kammala ginin madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma shiga koro ruwanta zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, arzikin manomin wannan yanki ya sake kama, domin mutumin da a da yake jiran damina kaɗai, in ta wuce ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani, ya wayi gari yana noma shinkafa da alkama da tumatir da albasa rani da damina. Daga cikin albarkar da wannan ruwa ya jawo, babu wadda ta kai ikon da talaka ya samu na tura ɗansa da 'yarsa neman ilimi mai zurfi, har ga shi yau da wuya ka shiga unguwa a garuruwanmu ba ka tarar da gidan da ke da ɗalibi a Jami'ar Bayero, ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ko a makarantar Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso ba. To, karatun wannan zamani ba ya yiwuwa sai da waya, domin a cikinta ake sanar da lokacin lacca, a cikinta ake rarraba takardun karatu, ta cikinta kuma ake yin rajista. Saboda haka sau da yawa uba yakan sayar da buhun shanshera, ko uwa ta haɗa ribar gyaran shinkafarta, a saya wa yaro waya da kyakkyawar niyya. Amma ƙofar da alheri ya shigo ta cikinta, ta nan wata fitina ta biyo, wato cin zali da cin mutunci da ɗalibai ke yi wa junansu a Facebook da WhatsApp da TikTok.

Manufar wannan darasi ita ce mu fahimci yadda masana suke auna girman wannan fitina, domin in muka ji an ce kashi kaza cikin ɗari na ɗalibai an ci zalinsu, mu san abin da za mu tambaya kafin mu gaskata, mu kuma iya tsara namu binciken a tsakanin 'ya'yanmu bisa ƙa'ida.

Abin da ake aunawa

Ba a soma awo sai an san abin da za a auna. Malamin da aka fi jingina wa wannan fanni shi ne Dan Olweus, wanda ya yi aikinsa a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe, kuma a shekarar 1983, bayan wasu yara 'yan makaranta uku sun hallaka kansu saboda tsangwamar da ake yi musu, hukumar ƙasar ta ƙaddamar da yaƙi da cin zali a makarantu, aka yi amfani da takardar tambayoyin da ya tsara. Shi ne ya kafa sharuɗɗa uku waɗanda sai sun haɗu ake kiran abu cin zali: a yi shi da niyyar cutarwa, a riƙa maimaita shi, ya zama kuma wanda ake yi wa ba shi da ƙarfin kare kansa daga mai yi. Da wannan ƙa'ida aka raba cin zali da faɗan tsara da tsara, inda kowa ke ramawa gwargwadon ƙarfinsa.

Sai dai da abin ya koma intanet, biyu daga cikin sharuɗɗan nan suka shiga shubuha. Mu ƙaddara wata yarinya 'yar Bunkure tana ajin farko a wata babbar makaranta, an ɗauke ta hoto ba da saninta ba tana gyangyaɗi a ɗakin lacca, mayafinta ya zame. Wani ɗan ajinsu ya rubuta mummunar magana a ƙarƙashin hoton, ya jefa shi zauren WhatsApp na aji da daddare. Shi dai sau ɗaya tak ya aikata, amma kafin asuba hoton ya fita daga zauren ya shiga wasu, kowa ya gani ya yi dariya ya tura gaba, har ya iso wayar yayanta da ke ban ruwa a gona, daga nan ya kai ga dangin saurayin da ke neman aurenta. Shin wannan sau ɗaya ne ko sau ɗari? Haka kuma batun ƙarfi: a filin makaranta ƙato ne ke danne ƙarami, alhali a waya raunanan mutum yana iya ɓuya bayan sunan bogi ya wulaƙanta wanda ba zai iya haɗa ido da shi a fili ba, ƙarfinsa kuwa shi ne ba a san shi ba. Ga shi kuma wanda ake tsangwama a makaranta yakan sami sauƙi in ya koma gida, amma tsangwamar waya tana bin mutum har shimfiɗarsa. Saboda waɗannan dalilai masana da yawa suka tafi a kan cewa aiki ɗaya da ya yaɗu a hannun jama'a yana ɗaukar hukuncin maimaici, kuma ni ma a nan na tsaya, domin zafin da yarinyar nan take ji sabo ne duk sa'ad da wani sabon ido ya faɗa kan hotonta.

Mu Musulmi ba baƙi ba ne ga rarrabe ire-iren cutar da harshe. A aya ta 11 da ta 12 ta Suratul Hujurati an hana izgili, da aibanta juna, da jifa da miyagun laƙubba, da mugun zato, da bin diddigin sirrin mutane, da giba, kowanne da sunansa. Suratun Nur kuma ta tsananta a kan ƙazafi, har ta ɗora wa mai yin sa sharaɗin shaidu huɗu. Malaman fiƙihu da na tarbiyya sun yi bayanin iyakar kowane ɗaya, sun raba giba da buhtani, sun raba su da annamimanci. Wannan tafarki na ambaton ayyuka ɗaya bayan ɗaya shi ne ainihin wanda masu bincike na yau suka gano ya fi amfani, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Ƙididdigar shekarar 2019

A watan Satumba na shekarar 2019 Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya fitar da sakamakon wani jin ra'ayi da ya yi a ƙasashe 30, cikinsu har da Nijeriya da Gana da Mali da Biyetnam. Matasa fiye da 170,000 masu shekara 13 zuwa 24 ne suka amsa. Ɗaya cikin uku ya ce an taɓa cin zalinsa a intanet, ɗaya cikin biyar kuma ya ce ya taɓa ƙin zuwa makaranta saboda wannan da makamantansa. A ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kashi 34 cikin ɗari ne suka ce abin ya same su, a Biyetnam kuwa kashi 21.

Biyetnam ƙasa ce a kudu maso gabashin Asiya mai mutane kimanin miliyan 100, kuma manoman shinkafa ne na ban ruwa kamarmu, musamman a bakin kogin Mekong. 'Ya'yansu ma sukan bar ƙauye su tafi jami'o'in Hanoi da Ho Chi Minh da waya a hannu, suna hira a Facebook da wata manhaja tasu ta gida mai suna Zalo. To, wanda ya ga 21 a can da 34 a nan yana iya saurin yanke hukuncin cewa matasansu sun fi namu tausayi. Wannan gaggawa ce, domin alƙaluman nan sun zo ne ta hanyar U-Report, inda ake aika tambaya ta saƙon waya ga waɗanda suka yi rajista da kansu, wanda ya ga dama ya amsa. Ba a zaɓi masu amsar da ƙuri'a ba, ba kuma ɗaliban jami'a kaɗai ba ne. Ƙididdigar tana da fa'ida babba, tun da ta tabbatar cewa cutar ta game ƙasashe masu arziki da matalauta. Amma ba za a kafa hujja da ita a ce ga gwargwadon abin a Kura ba. Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun binciki isnadinta, sun san wane ya ji daga wane, kuma haka ya kamata mu yi wa kowane adadi.

Duk wanda ya taɓa sayar da shinkafa a kasuwar Kura ya san cewa buhu ɗaya yana iya ba da lissafi biyu, gwargwadon mudun da aka yi awo da shi, da kuma ko an shafe bakinsa ko an yi masa tozo. Takardar tambayoyi ita ce mudun mai bincike, kuma in masu bincike biyu suka saɓa a kan makaranta ɗaya, galibi ba ƙarya ɗayansu ya yi ba, mudunsu ne ya bambanta.

Yadda ake tsara tambaya

Hanya ta farko ita ce a yi wa ɗalibi bayanin ma'anar cin zali, sannan a tambaye shi kai tsaye ko an taɓa yi masa. Wannan hanya gajera ce, amma tana da aibi a wurinmu, domin kunya da jin kai suna hana saurayi ya amsa cewa an fi ƙarfinsa, budurwa kuma tana tsoron a ce ita ta jawo wa kanta. Hanya ta biyu ita ce a bar kalmar cin zali gaba ɗaya, a jero ayyukan, a tambaye shi kowanne: an turo maka saƙon zagi ko na barazana? An yaɗa hotonka ko muryarka ba da izininka ba? An buɗe shafi da sunanka ana rubuta abin da ba ka faɗa ba? An ƙaga maka laifin da ba ka yi ba aka watsa? An fitar da kai daga zauren aji da gangan don a tozarta ka? An matsa miki ki turo hoton da bai dace ba, aka ce in kin ƙi za a tona miki asiri? Mutum yakan amsa irin waɗannan da sauƙi, domin labarin abin da ya faru ake nema daga gare shi, ba a ce ya yi wa kansa shaidar rauni ba. An lura cewa wannan hanya ta biyu takan fitar da adadi mafi yawa.

Ba a barin amsa a kan i ko a'a kaɗai. Akan jera matakai, kamar: bai taɓa faruwa ba, sau ɗaya ko biyu, sau biyu ko uku a wata, kusan kowane mako, sau da yawa a mako. Olweus da abokiyar aikinsa Solberg sun nuna a shekarar 2003 cewa matakin sau biyu ko uku a wata shi ne iyakar da ta fi dacewa a fara ƙidaya mutum cikin waɗanda ake ci wa zali. Lalle ne kuma a faɗi tsawon lokacin da ake tambaya a kansa, domin wanda aka ce masa "a rayuwarka" da wanda aka ce masa "a wannan zangon karatu" ba tambaya ɗaya aka yi musu ba. A ganina zangon karatu ya fi dacewa da ɗalibi, saboda yana da farko da ƙarshe da kowa ke iya tunawa.

Ga lissafi na gwaji, kuma a sani cewa alƙaluman nan misali ne kawai don koyo, ba sakamakon wani bincike ba. Mu ƙaddara an tambayi ɗalibai 200 'yan Kura da Bunkure. Da tambayar kai tsaye mutum 20 suka amsa. A raba 20 da 200, a ninka da 100, ya ba da kashi 10. Da aka jero ayyukan, mutum 70 suka ce aƙalla ɗaya ya same su a zangon. Wannan kashi 35 ke nan. Da aka ce sai wanda abin ya same shi sau biyu ko uku a wata, aka sami mutum 24, wato kashi 12. Ɗaliban ba su sake ba, ranar ba ta sake ba, amma ga amsoshi uku, kowace kuma gaskiya ce a bisa sharaɗinta. Don haka mai bincike na ƙwarai ba ya faɗin adadi sai ya haɗa da tambayar da ta haife shi.

Akwai wata mas'ala da ta keɓanci jama'a irin tamu da ta Biyetnam, wato yawancin takardun tambayoyin nan a Turai da Amurka aka rubuta su, bisa ɗabi'un can. Ƙa'idar masana ita ce wani ya fassara takardar zuwa harshen gida, wani dabam wanda bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a gwada biyun a ga inda ma'ana ta kauce. Sannan a jarraba ta a kan ɗalibai kaɗan, a sake ba su ita bayan mako biyu, in amsoshinsu suka yi daidai da na farko a san mizanin ya zauna. Amma fassara kaɗai ba ta isa ba. Muna da wasan taubasai, muna da barkwanci tsakanin Kanawa da Zage-zagi, da tsakanin Fulani da Barebari, inda akan faɗi magana mai nauyi a yi dariya, zumunci kuma ya ƙaru. Takardar da ba ta san wannan ba za ta lissafa shi cikin zagi. A ɗaya gefen kuma, akwai abin da yake ƙarami a can amma a nan yana iya rushe gida, kamar yaɗa hoton mace ba lulluɓi, ko jefa wa ɗalibi zargi a kan aƙidarsa, wanda kowa ya san yana iya kai wa ga asarar rai. Takardar da ba ta tambayi waɗannan biyu ba ta bar mafi nauyin abin da muke fama da shi. Saboda haka a riƙa ƙara tambaya guda bayan kowane aiki: shin abin ya ɓata maka rai, kuma ka iya hana shi?

Wa za a tambaya

In shugaban aji ya raba takarda ga abokansa, ko aka jefa ta a zaure aka ce mai so ya cika, abin da za a samu ra'ayin masu son magana ne. Daidai shi ne a ɗauki rajistar ɗalibai gaba ɗaya a yi ƙuri'a, ta yadda kowa, mace da namiji, ɗan ajin farko da ɗan ajin ƙarshe, yana iya fitowa. Duk da haka akwai mutanen da ƙuri'a ba ta kamawa, su ne waɗanda abin ya fi yi wa illa: yarinyar da aka cire daga makaranta bayan hotonta ya yaɗu ba ta cikin rajista, ba ta cikin zaure, ba ta kuma da waya. A nan ne mu mutanen gari muka fi malaman jami'a sanin gaskiya, domin mun san gidajen da 'ya ta dawo tsakiyar zango ba a faɗi dalili ba.

Kada kuma a tsaya ga wanda aka cuta. A tambayi ɗalibi ko shi ma ya taɓa aikatawa, ko ya taɓa tura abin da wani ya ƙirƙira, domin bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa mutum ɗaya yakan zama mazlumi yau, azzalumi gobe.

Bincike amana ne. Ba a rubuta suna ko lambar waya a takarda. Kowa ya cika tasa shi kaɗai, ya ninke, ya jefa a akwati rufaffe. Mata su karɓi na mata. Kada malamin da ke ba ɗalibi maki ya zama shi ne mai karɓa. Wanda ya ce ba ya so a ƙyale shi. Wajibi ne kuma a tanadi wani dattijo ko malama da ɗalibi zai iya zuwa wurinsu in tambayoyin sun fama masa ciwo, domin zalunci ne a tono wa mutum baƙin cikinsa don cika takarda, sannan a bar shi da shi.

Hukuma da iyaye

Nijeriya tana da dokar laifuffukan intanet ta shekarar 2015, wadda sashe na 24 nata ya shafi tsangwama da barazana ta hanyar kwamfuta da waya, an kuma yi mata gyara a shekarar 2024. Amma yawan ƙararrakin da suka isa gaban 'yan sanda ko Hisba ko kotu ba ya nuna yawan cutar, domin mafi yawan iyalai sun gwammace su rufa asiri. Hukumar UNESCO ta keɓe Alhamis ta farko a watan Nuwamba ta kowace shekara don yaƙi da cin zali a makarantu, har da na intanet, kuma rana ce da ƙungiyoyin ɗaliban garuruwanmu za su iya amfani da ita su gudanar da irin wannan bincike tare da malamansu.

Abin da ya fi ɓata awo, ya kuma fi hana magani, yana cikin gidajenmu. Sa'ad da 'ya ta kawo kuka cewa ana wulaƙanta ta a waya, sai uba ya fusata ya ƙwace wayar, ko ya ce karatun ya isa haka, ya hukunta wadda aka cuta ke nan ya bar wanda ya yi cutar, ƙannenta kuma sun koyi darasi cewa shiru ya fi. Abin da ya dace shi ne a saurare ta har ta gama, a hana ta ramawa, a adana saƙonnin ta hanyar ɗaukar hoton fuskar waya tare da kwanan wata kafin a goge su, sannan a kai maganar ga hukumar makaranta da hujja a hannu.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya lissafa wannan: in an tambayi mutum 250, 45 suka ce an yaɗa musu ƙarya a zangon da ya wuce, kashi nawa ke nan cikin ɗari? Bayan haka ku zauna uku-uku, maza dabam mata dabam, ku rubuta tambayoyi biyar da Hausar da 'ya'yanku suke ji, kowace ta ambaci aiki guda, da tsawon lokaci, da matakan amsa, ku kuma nuna yadda za ku raba wasan taubasai da cin mutunci. Ku zo da su a zama mai zuwa mu gwada su a kan juna, kuma ina roƙonku kada wani ya ambaci sunan ɗan kowa ko gidan kowa, a takarda ko a baki.